Lamba ta 41

A makarantar sakandare an sa mu haddace sinadarai ashirin na farko a jadawalin sinadarai, daga haidurojin zuwa kalsiyam. Muna rera su kamar karatun allo, wanda ya yi tuntuɓe ya sha bulala. Da muka kai na ashirin sai malam ya rufe littafi, ya ce sauran ba sa fitowa a jarrabawa. Sai da na shiga shekara ta uku a jami'a, ina karatun kimiyyar sinadarai, sannan na san cewa na 41 a jadawalin nan, wanda ake kira niyobiyam, a bayan gidanmu yake. A Bukuru aka haife ni. Tudun yashin da muke zamiya a kansa muna yara, da kududdufin da iyayenmu suke hana mu zuwa domin duk damina sai ya ci wani, ragowar haƙar kuza da kolumbayit ne. Kolumbayit kuwa shi ne dutsen da ake fitar da niyobiyam daga cikinsa. Akwai shekarun da babu wani wuri a duniya da ya kai tsaunukan Jos fitar da wannan dutse, amma ba a taɓa gaya mini haka a aji ba.

Na ɗauki alƙalami ne domin in ƙalubalanci wata magana da ta zama ruwan dare a bakin shugabanninmu da 'yan jaridarmu, har da wasu malamanmu: wai ƙasarmu tana zaune a kan arziki, abin da ya rage kawai shi ne a haƙo. Duk wanda ya hau dandamali sai ya lissafo ma'adinai 44 da aka ce suna binne a jihohinmu, ya kawo karin maganar kazar da ta kwana a kan dami, a tafa masa ya sauka. Wannan magana ta fi ƙarya tsagwaronta illa, domin rabinta gaskiya ne. Mun riga mun haƙo sau ɗaya. Mun haƙo har muka zama na ɗaya a duniya, kuma abin da muka tsira da shi ramuka ne. Tarihin niyobiyam ya nuna cewa arzikin ma'adini yana kwana ne a hannun wanda ya iya faɗin abin da ke cikin dutse, ya kuma iya raba shi da abin da ya cakuɗe da shi. Mai rami ɗan rakiya ne.

Bari mu fara daga inda aka raɗa masa suna. A 1734 wani mutumin Connecticut ta Amurka, John Winthrop, ya aika da tarin duwatsu zuwa Landan. Suka shiga cikin kayan da Hans Sloane ya tara, waɗanda daga baya suka zama harsashin babban gidan tarihi na Birtaniya. A cikinsu akwai wani ɗan baƙin dutse mai nauyi, wanda ya shekara 67 a ajiye ba wanda ya san ko mene ne. A 1801 Charles Hatchett, ɗan wani mai ƙera kekunan doki, ya nemi izini ya ɓantari guntunsa. Ya niƙa shi, ya narka shi da gishirin toka, ya jiƙa, ya zuba asid, sai wani farin gari ya kwanta a gindin kwalba. Ya gwada garin nan da duk abin da aka sani a zamaninsa, bai yi daidai da ko ɗaya ba. Sai ya sanar cewa ya sami sabon sinadari, ya sa masa suna kolumbiyam, daga Kolumbiya, sunan da mawaƙa suke yi wa Amurka kirari da shi. Hatchett bai iya fitar da ƙarfen kansa ba. Farin garin kawai ya gani, kuma bayan 'yan shekaru ya jingine bincike ya koma kan dukiyar da ya gada.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1802, Anders Ekeberg na jami'ar Uppsala ta ƙasar Siwidin ya sami wani sinadarin a cikin duwatsu masu kama da na Hatchett. Da ya ga garinsa yana zama cikin asid ba ya narkewa, sai ya tuna da tatsuniyar Girkawa ta Tantalus, sarkin da aka azabtar da tsayuwa cikin ruwa har wuya, in ya sunkuya zai sha ruwan ya janye. Ya kira shi tantalam. A 1809 William Wollaston, wanda ya riga ya gano sinadarai biyu kuma ake jin maganarsa a duk Turai, ya gwada na Hatchett da na Ekeberg, ya yanke hukunci cewa abu ɗaya ne. Ya ga bambancin nauyi tsakanin duwatsun biyu, ya yi biris da shi. Kuskure ya yi, amma da yake babba ne ya faɗa, sai da aka shekara 35 ba wanda ya tanka. Ashe ba mu kaɗai ba ne muke haɗiye gaskiya don kunyar manya. Bambancin shi ne a can daga ƙarshe wani ya koma ɗakin gwaji ya sake aunawa.

Wanda ya sake aunawar shi ne Heinrich Rose na Barlin, a 1844. Ya nuna cewa akwai wani abu tare da tantalam wanda ba tantalam ba ne, kuma tun da tare yake samun su kullum, sai ya ba shi sunan Niobe, 'yar Tantalus. Rose ma bai tsira ba. Ya ce ya ga na uku, ya kira shi pelopiyam, ashe gaurayen biyun ne. Wasu suka zo da ilmeniyam, wasu da diyaniyam, duk babu su. Abin da ya jawo wannan ruɗani shi ne niyobiyam da tantalam tagwaye ne, Hasan da Husaini. Ƙwayar zarrar tantalam ta kusa ninka ta niyobiyam a nauyi, amma girmansu kusan ɗaya ne, kuma duk abin da ya narkar da ɗaya sai ya narkar da ɗayan, duk abin da ɗaya ya ƙi, ɗayan ma ya ƙi. Sai a 1864 Christian Blomstrand ya fitar da ƙarfen niyobiyam, sannan a 1866 Jean Charles de Marignac na Janeba ya gano dabarar raba su. Ya mayar da su gishiri iri biyu a cikin ruwa ɗaya, na tantalam ya riga daskarewa ya kwanta kamar allurai, na niyobiyam ya saura a narke. Da wannan dabara masana'antu suka yi ta aiki har tsakiyar ƙarni na ashirin. Nan kuma aka tabbatar cewa niyobiyam ɗin Rose shi ne kolumbiyam ɗin Hatchett. Amurkawa suka riƙe tsohon suna, mutanen Turai suka riƙe sabo, sai a taron masana na Amsterdam a 1949 aka tsayar da niyobiyam. Dutsen dai ya ci gaba da amsa tsohon sunan, shi ya sa har yau muke cewa kolumbayit.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya yi lissafi. Daga 1801 zuwa 1866 shekara 65 ke nan, masana a Ingila da Siwidin da Jamus da Suwizalan suna gardama a kan farin garin da ba shi da mai saye. Ba a ƙera ko allura da shi ba a lokacin. Ba rami suke wa faɗa ba, domin ɗan abin da suke gwadawa bai cika aljihu ba. Abin da suke nema shi ne su san mene ne wannan, kuma yaya za a raba shi da ɗan'uwansa. Jami'o'insu suna biyan su albashi domin su yi tambayar da ba ta da riba a ranar. Da a wajenmu ne, wanda ya nemi kuɗin irin wannan bincike za a tambaye shi buhu nawa na masara abin zai kawo bana, a sallame shi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa kakanninmu jahilan ƙarfe ne. Tun kafin Bature ya san hanyar tsaunukan Jos, maƙeran Riruwai ta ƙasar Kano da na Riruwan Dalma ta ƙasar Bauchi suna wanke kuza a rafi, suna narka ta da gawayi da zuga-zugi, suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinken ciyawa, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Waɗannan tsinkayen ne 'yan kamfanin Neja suka gani a hannun fatake a bakin kogin Binuwai, suka bi sawunsu har suka gano tushen. Mutanen nan sun san rarrabewa irin ta zamaninsu. Sun san wane yashi ne zai ba da ƙarfe, da zafin da yake so, da yadda ake raba shi da kashinsa. Shaidar tana cikin harshenmu. Muna da kuza, da dalma, da tama, da tagulla, da farar wuta, da kanwa, da tozali, domin hannunmu ya sarrafa su har bakinmu ya raɗa musu suna. Kolumbayit kuwa, da muka shekara wajen casa'in muna ɗorawa a ka, har yau da sunan aro muke kiran sa. Abin da ba ka sarrafa ba, ba ka raɗa masa suna.

Daga 1902 zuwa 1904 masu binciken kamfanin Neja suka hau tsaunuka da bindiga, cikin 'yan shekaru aka yanka filayen aka raba wa kamfanonin Ingila. Dokar ma'adinai ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, yarjejeniyar da aka yi da kamfanin Neja kuma ta ba shi rabin kuɗin harajin ma'adinan Arewa na tsawon shekara 99, har sai da aka fanshi wannan haƙƙi da fam miliyan ɗaya wajen 1950. Maƙeran Riruwai suka wayi gari rafin da suke wanke kuza ya zama mallakar wani, matoyarsu ta mutu. Kuzar kuma aka riƙa ɗura ta a buhu ɗanyarta, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku, a narka ta a Libaful. A ganina wannan ya fi kwashe kuzar kanta muni. Kuza in an kwashe wata tana nan a ƙasa, amma da wutar maƙera ta mutu, jikan mai narka ƙarfe ya koma lebura mai ɗaukar kwano.

Kakana na wajen uba yana cikin leburorin nan, kuma ba da son ransa ya zo ba. A 1942 Jafan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun mafi yawan kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso talakawa wajen dubu ɗari daga lardunan Arewa zuwa ramukan Jos. Daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau aka ɗauko kakana, yana saurayi, da riga ɗaya a wuyansa. Sanyin tsauni da yunwa da ciwon haƙarƙari sun kashe da yawa daga cikin waɗanda suka zo tare. Shi ya rayu, ya zauna, ya yi aure a bariki. Ban riske shi da wayo ba, daga bakin kakata na ji labarinsa. Ta ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne aikin da aka sa su na tone tsofaffin juji. Tsofaffin leburori sun gaya masa cewa a da, in kana wanke kuza, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da yake bin ta, ruwa ba ya raba su da kyau, in ya yi yawa a cikin taka a rage maka kuɗi. Shekara da shekaru ana zubar da shi a matsayin shara. Rana ɗaya aka ce a koma a tono sharar. Babu wanda ya yi musu bayani, su ma ba su ga fuskar tambaya ba.

Bayanin yana can wata duniya. A farkon shekarun 1930 masu bincike a Amurka suka gano cewa in an zuba ɗan niyobiyam a cikin ƙarfen da ba ya tsatsa, wajen da aka yi masa walda ba ya rubewa. Daga baya aka ƙera injin jet, wanda cikinsa yake ɗaukar zafin da ƙarfe na yau da kullum ba ya jurewa, niyobiyam kuwa sai zafi ya kusa digiri 2,500 yake narkewa. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta tsorata kada ta rasa shi. A 1952 ta yi shelar za ta saya da ninkin farashi, ta tara a rumbun yaƙi. Nan tsaunukan Jos suka ɗauki wuta. Aka tone juji, aka fasa ruɓaɓɓen dutsen da ke tsakanin Rayfield da Bukuru, har a 1955 Nijeriya ta fitar da fiye da tan 3,000, wato mafi yawan kolumbayit ɗin duniya. Kakata ta ce a shekarun ne kakana ya sayi keke, ya yi wa ɗakinta rufin kwano. A cikin 1955 ɗin nan Amurka ta ce rumbunta ya cika. Farashi ya faɗi warwas, kamfanoni suka sallami mutane, kakana ya ji labari daga bakin hedima ranar biya. A Washinton aka kunna fitilar, a can kuma aka kashe ta. Ya mutu bai san sunan abin da ke cikin yashin ba, bai san jirgin sama aka ƙera da shi ba.

Yanzu mu dubi abin da wasu suka yi da irin wannan dama. A 1953 wani masanin duwatsu ɗan Burazil, Djalma Guimarães, wanda ya yi karatu a makarantar ma'adinai ta ƙasarsu da ke Ouro Preto, ya gano wani dutse mai ɗauke da niyobiyam a Araxá, cikin jihar Minas Gerais. A 1955, shekarar da kasuwarmu ta rushe, aka kafa kamfanin da ake kira CBMM. Matsalarsu ita ce abin da suke da shi ya fi ƙarfin buƙatar duniya. Ba su zauna jiran wani yaƙi ya ɓarke ba. Suka ɗauki masana, suka riƙa biyan kuɗin bincike a jami'o'i da masana'antun ƙarfe na ƙasashe daban-daban, suna koya wa masu saye amfanin abin da suke sayarwa. Tun farkon shekarun 1980 Burazil ta daina fitar da ɗanyen dutsen, sai wanda ta narka ta haɗa da baƙin ƙarfe, ko ta tace. A 2011 kamfanonin Jafan da Koriya ta Kudu da Sin suka biya kusan dala biliyan huɗu domin su mallaki kashi 30 cikin 100 na kamfanin kawai. Yau kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam ɗin duniya daga Burazil yake fitowa, Kanada tana biye daga nesa. Kamfanin nan har lambar yabo yake ɗaukar nauyi duk shekara da sunan Charles Hatchett, ga wanda ya yi bincike mafi kyau a kan niyobiyam. Sun san wanda ya kamata a gode wa.

Kuma sinadarin bai ba su kunya ba. Mafi yawansa cikin ƙarfe yake tafiya. 'Yan gram ɗari kaɗan a cikin tan guda sun isa su hana ƙwayoyin ƙarfen girma yayin da ake murza shi da zafi, sai ya fito da ƙarfi ba tare da ya yi gautsi ba. Da irinsa ake yin bututun iskar gas, da gadoji, da jikin mota mara nauyi. Bakin injin kumbon da ya sauke mutum a duniyar wata a 1969, da gaurayen niyobiyam aka ƙera shi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1961. A shekarar Eugene Kunzler da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa in an haɗa niyobiyam da ƙarfen kuza, aka sanyaya su matuƙa, wutar lantarki mai yawa tana bi ta cikinsu ba tare da ko ɗigon asara ba, ko da a tsakiyar maganaɗisu mai ƙarfi. Niyobiyam da kuza! Abubuwa biyun da suke kwance tare a gindin ƙwaryar mai wanke yashi a Bukuru, waɗanda aka yi shekaru ana cin leburori tara don sun kasa raba su. Daga wannan bincike aka buɗe ƙofar manyan maganaɗisai na zamani. Na'urar MRI da ke ɗaukar hoton cikin jikin majiyyaci, wayar da aka naɗe a cikinta gaurayen niyobiyam da taitaniyam ce. Jikokin leburorin nan, in likita ya rubuta musu wannan hoto, sai an yi karo-karo a dangi.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Masu ilmin duwatsu za su ce ai ba wayo ne ya ba Burazil nasara ba, dutsenta ne ya fi namu. Gaskiya ne. Na Araxá yana da yawa, yana kusa da doron ƙasa, niyobiyam ɗin cikinsa ya ninka na Jos nesa ba kusa ba, kuma ko da mun yi komai daidai ba za mu riƙe matsayi na ɗaya ba. Amma wannan hujja tawa take ƙarfafawa. In har darajar raminka tana iya gushewa ranar da wani ya yi tuntuɓe da wanda ya fi shi a wata nahiya, to ramin ba abin jingina ba ne, kuma mai hankali yakan yi amfani da 'yan shekarun da kasuwa take hannunsa ya sayi abin da ba ya gushewa. Jafan ba ta da ramin niyobiyam, amma tana cikin waɗanda suka fi kowa cin ribarsa, domin ta iya ƙarfe.

Wasu kuma za su ce laifin Turawa ne, su suka kwashe. Na riga na faɗi abin da suka yi, kuma ban yafe musu ko ɗaya ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma Bature ya sauke tutarsa tun 1960. An gina masana'antar narka kuza a Jos a farkon shekarun 1960, ta yi zamaninta ta durƙushe. Kolumbayit kuwa a buhu ya ci gaba da fita kamar yadda ya saba. Da man fetur ya zo muka juya wa tsaunuka baya gaba ɗaya. An aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun ƙarshen shekarun 1970, inda da ta tashi niyobiyam ɗinmu zai sami gida, ga shi har na gama jami'a ba ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba. A 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, sauran kamfanoni suka tattara, aka bar wa jihar Filato kududdufai fiye da dubu da tudun yashi masu ɗauke da duwatsun da ke fitar da tururin nukiliya, mutane suna ɗiba suna yaɓen ɗaki. Wanne ne a cikin waɗannan Gwamna Lugga ya yi mana? Burazil ma ai an mulke ta, kuma sojoji sun riƙe ta fiye da shekara ashirin.

Rashin sanin abin da ke cikin dutse ba talauci kaɗai yake jawowa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna niƙawa a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Dutsen cike yake da gubar dalma. Yara fiye da 400 suka mutu kafin a shawo kan abin, kuma likitocin ƙasashen waje ne suka ɗauki jini suka aika aka gano musabbabin. Gwajin da zai nuna dalma a cikin dutse ba sabon ilmi ba ne, Hatchett ma ya iya shi. Babu dai wanda zai yi shi a kusa da mutanen nan.

Ga shi yanzu an sake buga gangar. Wannan karon litiyam ne, na batirin waya da motar lantarki, a Nasarawa da Kwara da Kaduna da wasu jihohi. Kalmomin da ake faɗa su ne dai na jiya: arziki, dama, sabon man fetur. An buɗe masana'antu, na yarda, amma a tambaya a ji me suke yi. In niƙa dutse da wanke shi a ɗura a buhu shi ne sarrafawa, to kakana ma injiniya ne. Kuma litiyam ya riga ya nuna halinsa, domin farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022, ya faɗo ƙasa a shekarar da ta biyo baya, kamar dai kolumbayit a 1955. Za a ce mini matashin da ke cikin rami yunwa yake ji, ba zai jira a gina ɗakin gwaji ba. Ban ce ya jira ba, tare muka tashi da su, na san abin da ya tura su. Abin da nake cewa shi ne kada a kira yunwarsa tsarin tattalin arziki. A kowace kasuwar ma'adinai a kafa wurin gwaji na hukuma, mai araha, inda mai buhu zai san abin da ke cikin buhunsa kafin ya yi ciniki. Duk kamfanin da aka ba lasisi a ɗaure shi da sharaɗin horar da 'yan ƙasa aikin tacewa, a kuma riƙa bin diddigi. Wani kaso na harajin ma'adinai ya tafi kai tsaye ɗakunan gwajin jami'o'in jihohin da ake haƙar. A makarantu kuma a daina rufe littafi a kan lamba ta ashirin. Yaron Bukuru ya san niyobiyam da kuza, na Anka ya san dalma, na Arlit a Nijar ya san yuraniyam, kuma a fara gaya musu da harshen da suke mafarki da shi.

Ban cire kaina daga cikin masu laifi ba, ni da takardar digirina. A shekara huɗun da na yi, na'urar da ke tantance sinadaran cikin dutse a allo aka zana mana ita. Akwai guda a sashenmu, a lulluɓe da leda, an ce wani ƙarfe ya lalace a cikinta tun kafin mu zo. Mun haddace yadda take aiki, mun rubuta, mun ci. Bara wani ɗan baffana da ke shiga ramukan bayan gari ya kawo mini baƙin yashi a ƙullin leda, ya ce, "Yaya, kai da ka yi karatun abin, duba mini, nawa ne a ciki?" Na juya shi a tafin hannu, na ji nauyinsa, na ba shi labarin Hatchett da Rose da Marignac. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya sake tambaya nawa ne a ciki. Na ce ban sani ba.

Washegari na raka shi wajen mai saye. Mutumin ya zaro wata 'yar na'ura mai kama da bindiga daga jaka, ya ɗora bakinta a kan yashin, ya danna. Kafin minti ɗaya ta yi ƙara. Fuskar na'urar tana kallon ƙirjinsa, shi kaɗai ya ga lambobin da suka fito. Ya girgiza kai, ya ce kayan ba su da kyau, ya faɗi farashi. Ɗan baffana ya dube ni, na dubi ƙasa, ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin.